Wasiƙa ga Edita: Masu Sa Sola a Tirelar Kwana, Ku Fara da Lissafi Kafin Sayen Fanel

Assalamu alaikum Malam Edita, da fatan kana lafiya kai da abokan aikinka. Dan Allah a ɗan ba ni fili in yi magana a kan sola da batir na tirelar kwana, wato ɗan ɗakin nan mai taya da ake ɗaurawa a bayan mota a ja shi a je a yada zango inda babu wutar layi kwata-kwata. Abin ya daɗe yana damuna, don kusan duk wanda ya zo min da maganar tambayarsa ɗaya ce, fanel nawa zan saya, alhali ba daga nan ake farawa ba, nima da haka na fara kuma na ji a jikina.

Farkon haɗin da aka min fanel ɗaya ne mai wat 100 a kan rufi da batir mai ruwa 100Ah (wato amfiya-awa 100, ma'aunin yawan wutar da batir ke ɗauka), wanda ya haɗa min ya ce ai wannan ya ishe ka har ka ba wani. Daren farko lafiya lau, na biyu fanka ta fara ja da ƙyar, daren na uku wajen ƙarfe biyu na ji firji na ta ƙoƙarin tashi yana ƙyat ƙyat yana mutuwa, fitilu suka yi ja, yara suka farka saboda zafi, da safe na buɗe firjin ruwa ya kwanta a ƙasansa kuma maganin mai ɗakina da dole sai a sanyi yana ciki. Wallahi raina ya ɓaci sosai ranar, kuma ba batirin ne ya lalace ba, lissafin ne tun farko babu shi.

Da na zauna da biro da takarda sai komai ya fito fili. Firjin nan mai aiki da bolt 12 yana shan wajen wat-awa 450 (wato wat sau awannin aiki) a yini in ana zafi, fanka wat 15 in ta yi awa 8 kaga 120 kenan, ƙwayayen fitila 4 masu wat 3 na awa 5 sun ci 60, cajin wayoyi da kwamfuta da ɗan famfon ruwa su ma sun kai 150. Jimla kusan 800 kullum. To batir 100Ah a bolt 12 wat-awa 1200 ne a rubuce, amma mai ruwa ko ɗan'uwansa rufaffe da ake kira AGM ba a son a sha fiye da rabinsa in ana so ya yi ƙarko, 600 kenan nake da shi a zahiri. Shi kuma fanel mai wat 100 ba wai tun fitowar rana har faɗuwarta yake ba da 100 ɗin ba, rana mai ƙarfi awa 4 zuwa 5 ce a yini, ga asarar waya da ta kwanturola, wato na'urar da ke daidaita caji tsakanin fanel da batir, ga zafi da ke rage masa ƙarfi in ya wuce digiri 25 a ma'aunin Selshiyas, da ƙyar yake tara min 400. Ina cin 800 ina mayar da 400, ai dole randa ta ƙafe.

Yanzu fanel na wat 300 nake da shi da kwanturola irin da ake kira MPPT, wadda ta fi irin da ake kira PWM iya tatso wuta daga fanel musamman da safe ko in akwai gajimare, batirin kuma na koma lithiyam irin LiFePO4. Shi 100Ah ɗinsa kana iya shan kashi 80 zuwa 90 ba ka cuce shi ba, nauyinsa kuma bai kai rabin na mai ruwa ba, wanda ke jan tirela ya san darajar kowane kilo. Sai dai ba a cajinsa in sanyi ya kai ƙasa da digiri 0, masu zuwa wurin ƙanƙara su lura da wannan. Kuma bolt ɗinsa baya sauka sosai sai ya kusa ƙarewa, don haka duba bolt kawai zai yaudare ka, ka sa mita mai ƙirga abin da ya shiga da abin da ya fita.

Akwai matsalar da ba wanda ya faɗa min, inuwa. Kowa in ya isa zango gindin bishiya yake nema ya faka don ɗakin ya yi sanyi, to fanel ɗin kuma yana kan rufi, reshe ɗaya in ya gifta a kansa sai kaga wuta ta faɗi warwas don ƙwayoyin cikinsa a jere aka haɗa su, ɗaya in ya shiga inuwa ya ja sauran. Shi yasa ɗaya daga cikin nawa mai naɗewa ne, tirela na inuwa shi yana rana da doguwar waya mai kauri, ina juya shi sau biyu ko uku a yini, in goge masa ƙura da tsumma mai laushi. Na kuma sa caja DC-DC, mota na tafiya tana cika batirin tirelar ba tare da ta taɓa batirin tayar da injin motar ba.

Amma abin da ya sa na rubuto takanas shi ne waya da fiyus. Wata rana wani maƙwabcin zango ya jona butar lantarki mai wat 1500 a inbata, wato na'urar da ke mayar da wutar batir irin ta gida, ban fi minti uku da zama wajensa ba na ji ƙaurin roba, muka ɗaga murfin akwatin batir wayar ta yi laushi tana hayaƙi, babu fiyus ko ɗaya a layin, kuma akwatin a ƙarƙashin gadon da ƴaƴansa ke kwana yake. A bolt 12 wat 1500 ya haura amfiya 125, siririyar waya ba za ta ɗauka ba, narkewa za ta yi. Fiyus dab da kan batir ake sa shi, kada ya wuce taƙi ɗaya, a gefen fositif, kowane layi kuma da nasa. Mai batir mai ruwa ya bar masa hanyar iska don yana fitar da haidurojin, iska mai saurin kama wuta, lokacin caji. Duk abin da ke ɗumama ruwa ko dafa abinci a bar wa gas, inbata kuma a kashe ta in ba a amfani da ita don ko ba a jona komai ba tana shan wuta.

Malam Edita, roƙona shi ne ku samo mai aikin lantarki da ya san aikinsa ya yi mana bayanin kaurin waya da girman fiyus dalla-dalla a shafinku, da jadawalin da mutum zai iya yankewa ya liƙa a jikin akwatin batir. Na gode da wannan fili.

Naku,
Wani mai karatunku na kullum