Wasiƙa Zuwa Ga Ɗana Da Ke Karatu a Seoul

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa da fatan kana cikin ƙoshin lafiya, saƙonka ya iso mana, kuma na lura cewa abin da ya fi damunka a waɗannan makonni na farko shi ne zaman cuɗanya da mutanen Koriya, musamman yadda kowa ke tambayarka shekarunka tun ba a gama gaisawa ba. Kada ka ɗauki wannan a matsayin shisshigi. Harshensu yana da matakan magana, ta yadda kalaman da ake yi wa babba sun bambanta da na tsara, don haka mutum ba ya sanin yadda zai yi maka magana sai ya san wanda ya girmi wani a tsakaninku. Ka amsa da sakin fuska, kuma ka riƙe lafazin girmamawa ga kowa har sai shi da kansa ya ce ka sassauta.

Yawancin ladubbansu ba baƙi ba ne ga yaron da ya tashi a gidan Bahaushe. Ana rusuna wa babba idan za a gaishe shi, ana cire takalmi a bakin ƙofa, ba a fara cin abinci sai mafi girma a wurin ya ɗauki cokalinsa. Idan za ka miƙa wa malaminka takarda ko ka karɓi wani abu daga gare shi, ka sa hannu biyu, ko ka miƙa da dama kana tallafe da gwiwar hannun da hagu. Kada ka soke tsinkayen cin abinci a tsaye cikin shinkafa, domin hakan yana tuna musu da abincin da suke ajiye wa mamata. Duk waɗannan ka ɗauke su gaba ɗaya, babu abin da za su rage maka.

Inda nake so ka natsu shi ne wurin ci da sha. Ɗalibai a can suna ƙulla zumunci ne a kan tebur bayan an tashi daga aji, kuma abin da aka fi haɗuwa a kansa shi ne gasasshen naman alade da barasar da suke kira soju. Hausawa sun ce in ka je gari ka ga kowa da wutsiya, ka nemi tsumma ka ɗaura, amma wannan karin magana yana da iyaka, kuma kai ka san iyakar. Ka gaya wa abokanka tun da wuri, a fili kuma ba tare da wa'azi ba, cewa kai Musulmi ne, ba ka shan giya, ba ka cin alade. Wanda ya faɗi haka sau ɗaya da murmushi ya huta, wanda kuwa ya tsaya kame-kame za a yi ta cika masa kofi har ya ji kunyar ƙi. Ka je cin abincin idan akwai kifi ko ganye, ka biya rabonka, idan zaman ya koma na shaye-shaye zalla ka yi sallama cikin mutunci.

Wannan ne ma ya sa nake matsa maka ka koyi rubutunsu na Hangul, wanda Sarki Sejong ya ƙirƙiro a 1443. Ginshiƙan haruffansa a yau 24 ne kacal, kuma da su za ka iya karanta bayan kwalin taliya ko tsiran kanti, domin sau da yawa ana sa alade a romo da kayan ɗanɗano inda ido ba ya gani. A unguwar Itaewon akwai babban masallacin Seoul da aka buɗe a 1976, kewaye da shagunan halal, kuma jirgin ƙarƙashin ƙasa layi na 6 yana kai wa can. Ka riƙa zuwa Juma'a gwargwadon yadda darasi ya ba ka dama. Sai dai ban aika ka Koriya don ka tare a cikin 'yan uwanka baƙi ba. Zangon musayar ɗalibai gajere ne, kuma wanda ya ƙare shi bai shiga gidan Bakoriye ko ɗaya ba ya yi asarar rabin tafiyar.

Game da takardu, doka ta ba baƙo kwana 90 daga ranar shigarsa ya yi rajistar katin zama a ofishin shige da fice, don haka kada ka bari sai kwanakin sun ƙure. Kada kuma ka karɓi wani aikin kuɗi, komai ƙanƙantarsa, ba tare da izininsu ba. Ka sayi rigar sanyi mai kauri tun kafin Disamba, domin a watan Janairu sanyin Seoul yana sauka ƙasa da sifili sosai, ko da yake ɗakunansu ana ɗumama su ta ƙarƙashin daɓe.

Kuna gabanmu da awa 8, saboda haka idan ka kira bayan sallar isha'inku za ka same mu wajen azahar. Mahaifiyarka tana gaishe ka, tana kuma tambaya ko yajin da ta ƙulla maka ya wuce binciken filin jirgin Incheon. Allah Ya yi maka albarka, Ya ba da sa'ar karatu.

Mahaifinka.