Zuwa ga Alhaji Mamman a Maraɗi, kan abincin 'yan akunsa

Nima, Akra

Aminina Alhaji Mamman,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kana lafiya, da Hajiya da yara, da Baba tsoho. Ya damina? Allah ya sa a yi ta lafiya a kwashe amfani lafiya. Mu nan ruwa ya ɗaga mana ƙafa tun ƙarshen Yuli, gari ya yi sanyi-sanyi, kullum da yamma iskar teku na kaɗawa har cikin lungunan Nima.

Saƙonka ya same ni, kuma na yi murna ƙwarai da jin ka gina babban keji a bayan gida ka zuba bajiriga, 'yan akun nan na Ostireliya. Ka ce in sayo maka kwalbar bitamin da ake ɗigawa a ruwan sha, saboda matan na yin ƙwai mai laushin ɓawo, ɗaya kuma tana wani ƙara siriri in tana numfashi da dare. Alhaji, kwalba ba ta da wuyar samu a Akra, amma ba ita zan fara aiko maka ba. Da na karanta har inda ka ce gero kawai kake zuba musu safe da yamma, na san inda matsalar take, kuma mafi yawan maganinta yana kasuwar Maraɗi da bakin gonarka.

Tsuntsayen nan 'yan busasshiyar ƙasa ne, can tsakiyar Ostireliya, inda suke yawo garke-garke suna bin ruwan sama. Wani masanin tsuntsaye ɗan Ingila, John Gould, shi ya kai su Ingila da rai a 1840, daga nan kiwonsu ya bazu duniya. A daji kore ne da rawaya. Shuɗi da fari da kake gani aikin masu kiwo ne. Abincinsu a can 'ya'yan ciyawa ne iri-iri, wasu busassu, wasu ɗanyu da ruwansu a ciki, kuma sai sun yi tafiya mai nisa kafin su cika ciki. Ba sa ma shiga sheƙa sai ruwa ya sauka ciyawa ta yi 'ya'ya. Namu na keji fa? Ƙwaya iri ɗaya, wadda ta yi watanni a buhu, tashinsu kuma daga wannan sanda zuwa waccan. Kamar ka ɗora yaro a kan tuwo gaya ne shekara da shekaru, ba miya: ciki zai cika, jiki ba zai ginu ba.

Ban ce gero na da laifi ba. Shi ne gindin abincinsu, ni ma shi nake saya a kasuwar Nima ranar Laraba, wurin matar da masu koko ke awo, domin nata ba ya daɗewa a ƙasa. Sai dai gero ya gaza a abu uku da jikin tsuntsu ke nema: bitamin A, da kalsiyam, da aidin. Kowanne ya yi ƙaranci, akwai alamar da zai nuna maka.

Wadda ke ƙara da dare ita ta fi tsaya mini a rai. Bajiriga sun shahara da ciwon maƙoƙo, wanda rashin aidin ke kawowa, irin dai na mutane. Bambancin shi ne nasu ba ya fitowa a wuya ka gani da ido. Kumburin yana can ƙasa a mashigar ƙirji, sai ya danne hanyar iska da hanyar abinci, shi ya sa za ka ji numfashi na fita da ƙara, wani lokaci ka ga tsuntsu yana dawo da gero bayan ya ci. Gero kansa yana ɗauke da wani sinadari mai rage aikin aidin a jiki, ga ku kuma nesa da teku. Don haka na sa maka dunƙulen aidin guda biyu a cikin kayan da zan aiko maka, ɗan jan dutse ne mai waya da ake ɗaurewa a jikin keji su riƙa gwaguya. Kada ka ce gishirin gida ma ai yana da aidin ka barbaɗa musu, gishiri yana lalata musu ƙoda. Kuma don Allah ka nuna ta ga likitan dabbobi, saboda ciwon huhu ma yana kawo irin wannan ƙarar, shi kuwa dutse ba ya maganinsa.

Ƙwai mai laushi kuwa maganar kalsiyam ce. Tsuntsuwar da nauyinta bai wuce giram 30 zuwa 40 ba takan yi ƙwai 4 zuwa 6, kusan kowane kwana biyu ta sa ɗaya, ta kwanta a kai wajen kwana 18, sannan ta yi kusan wata guda tana ciyar da 'ya'ya kafin su fito daga akwati. Duk ɓawon nan daga jikinta yake fita. In abinci bai ba ta ba, daga ƙashinta za ta ciro, har ranar da ƙwai zai maƙale mata. In ka taɓa ganin mace ta sauko ƙasan keji ta kumbura gashi, tana nishi, wutsiya na sama da ƙasa, to shi ne. Kada ka matsa mata ciki, ƙwan na iya fashewa a ciki ya kashe ta. Ka sa ta wuri mai ɗumi ka garzaya wurin likita.

A nan ne Akra ta fi ku sa'a. Masunta na Jamestown da Chorkor suna kamo wani naman teku mai farin ƙashi guda ɗaya a bayansa, dogo, mara nauyi, gefe ɗaya tauri gefe ɗaya laushi har farce na kankare shi. Ƙashin nan cike yake da kalsiyam. Na tara maka da yawa, na jiƙa su ina sauya ruwa har gishirin teku da ƙarni suka fita, na tafasa, na shanya a kan kwanon ɗaki suka bushe ƙayau. Ka ɗaura shi gefen laushin na kallon ciki. Za ka sha mamakin mace mai shirin ƙwai: sai ta dafe shi da ƙafa ɗaya tana kankara, farin gari na zuba a ƙasa, bakinta duk ya yi fari, namijin na gefe yana ta surutu ba ta ko kallonsa. Kayan suna hannun wani direban motar albasa da zai taso daga Adjen Kotoku, ka san tun 2021 aka kwashe 'yan albasa daga Agbogbloshie aka mayar da su can. In sun ƙare kafin in sake aikowa, ɓawon ƙwan kaza ma yana yi, a tafasa shi sosai, a shanya, a daka ya yi laushi.

Amma kalsiyam ba ya shiga jiki sai da bitamin D, shi kuma rana ke sa jiki ya yi shi. Hasken da ya ratso gilashin taga ba ya wannan aiki, sai wanda ya ratso waya. Ka bar hantsi ya riƙa shiga gefe ɗaya na kejin, ɗaya gefen ya zama inuwa su koma in sun ga dama. Rana ba ita ce matsalarku ba, sai dai yawanta. In watan Afrilu ya zo ka ƙara zana a saman.

Bitamin A kuwa a ganye yake da kayan lambu masu ja da ruwan ɗorawa. In ya yi ƙaranci, fatar cikin hanci da maƙogwaro takan lalace, sai atishawa, sai hanci ya toshe, gashin saman baki ya ɓaci, kowace cuta ta sami ƙofa. Zogale na nan a gidanka, ga alayyahu, ga karas, ga kabewa, ga dafaffen dankalin Hausa, ga ɗan yankin gwanda ko mangwaro jefi-jefi. Na san abin da za ka ce: ka sa musu ba su taɓa ba. Haka suke, abin da ba su saba gani ba tsoronsa suke ji. Dabarar da ta yi mini aiki ita ce in wanke reshen zogale, in rataya shi da ruwansa a saman keji da abin maƙale shanya. Da fari wanka za su zo yi, su riƙa birgima a cikin jiƙaƙƙen ganye suna karkaɗa fiffike. Ana cikin haka sai ɗaya ya ɗan ciza, na kusa da shi ya gani ya kwaikwaya. Kafin azahar sai ƙirare. Karas kuma ka goge shi ƙanana ka cakuɗa da geron safe. Ka dage ko da za su yi makonni suna ƙi.

Yanzu da kuke cikin damina, ka tura yara su yanko maka kawunan harƙiya da guɗe-guɗe tun 'ya'yan suna ɗanye. Babu abin da ya kai wannan kusa da abincinsu na asali, kuma tsinkar ƙwaya ɗaya-ɗaya daga jikin ciyawa aiki ne da ke hana su zaman banza da cizon juna. Sai dai a nisanci gonar da aka yi wa feshi da bakin titi. Da rani kuma sai ka koma tsiro: ka jiƙa gero ya kwana, ka tsane a rariya, ka riƙa ɗauraye shi safe da yamma har ɗan farin baki ya fito. In ka ji tsami ko yauƙi, zubar. Wannan kuma ita ce hanyar gwada hatsi; geron da ya ƙi tsira ya tsufa ko an zuba masa magani, kada ka ba su. In ka samu acca wurin 'yan kasuwar da ke shigowa daga Najeriya, ka haɗa. Ɓarzajjiyar dawa kaɗan ba laifi. Riɗi da 'ya'yan fulawar rana maiƙo ne, ɗan taɓawa kawai, domin tsuntsun nan yana saurin yin kitse, hanta ta kumbura, ƙulli ya fito masa a ƙirji.

Lokacin da suke ciyar da 'ya'ya ko suke zubar gashi, ka dafa ƙwan kaza ya dahu sosai, ka murƙushe da cokali, ka sa a ɗan faranti daban. Bayan awa biyu ka ɗauke abin da ya rage, zafinku ba ya barin ƙwai ya wuni. Ba kullum ba kuma, saboda abinci mai ƙarfi yana zuga mace ta yi ta ƙwai ba hutu. In ta fitar da 'ya'ya sau biyu a jere, cire akwatin ta huta, kuma kada ka bar wadda ba ta kusa shekara ba ta shiga sheƙa.

Akwai abu ɗaya da ke kashe tsuntsayen mutane alhali kwano a cike yake. Su ba sa haɗiye gero da ɓawonsa, ɓarewa suke yi su bar ƙaiƙayi a sama. Mai gida ya leƙa ya ga kwano dam, ya wuce, nan kuwa babu ƙwaya ko ɗaya. Kullum da safe ka fitar da kwanon ka hura, ko Hajiya ta bakace maka a faifai. Cokalin shayi ɗaya da rabi zuwa biyu ya ishi tsuntsu guda a wuni. Saboda wannan ɓarewar ne kuma ba sa bukatar tsakuwa da yawa irin ta tattabaru, kada ka cika musu yashi.

To, kwalbar. Bitamin da aka zuba a ruwa yana lalacewa cikin 'yan sa'o'i in haske da zafi suka same shi, ruwan ya zama gidan ƙwayoyin cuta. Su kuma dama ba masu yawan shan ruwa ba ne, in ɗanɗano ya sauya sai su ƙara ragewa, ka ga ba ka ma san nawa ya shiga cikin kowanne ba. Wani maƙwabcinmu ya je wani shagon maganin dabbobi aka ba shi garin bitamin na kaji, ashe haɗe yake da maganin kashe ƙwayoyin cuta. Ya yi ta zubawa da ma'aunin kaji, tsuntsayen suka kama zawo, ya yi asarar da yawa. Ko bitamin tsantsa ne, A da D taruwa suke yi a jiki, in suka yi yawa su taɓa hanta da ƙoda. In likita ya duba ya ce a ba da, sai a nemi na gari wanda aka yi don ƙananan tsuntsaye, a barbaɗa a kan abinci mai laima na 'yan kwanaki. Akwai kuma abincin kamfani mai dunƙule-dunƙule da ake shigowa da shi daga Amurka da Turai, wanda aka haɗa komai a ciki. Yana da kyau, amma tsadarsa a sidi, kuɗinmu na Gana, ba ta mai keji babba ba ce, kuma in ka sa shi ba a ƙara wani bitamin a kai.

Ka ja kunnen yara kan abin da suke miƙa musu ta waya. Fiya, wato abokado, wadda ake shafawa a kan burodi a nan, guba ce gare su. Haka cakulan, da shayi, da kofi. Goro ma haka, ka faɗa wa Baba tsoho da ladabi, na san hannunsa ba ya rabo da kyauta. Albasa da tafarnuwa a bar su a madafa. Ku mutanen gyaɗa ne, amma gyaɗar da ta sha laima tana yin fumfuna mai dafi da ke cin hanta, ido kuma ba ya ganinsa kullum. Ni na cire ta gaba ɗaya. Mu nan laimar Akra ta sa ba na sayen hatsin da ya wuce na wata guda, a roba mai murfi nake ajiyewa. Ku ma ku kula har damina ta wuce.

Ka riƙa kama su lokaci-lokaci kana shafa ƙashin ƙirji da yatsa. In ya fito da kaifi, rama ce gashi ya rufe. In ba ka ji shi ba sam, ƙiba ce. Ka rubuto mini abin da ka ji, da abin da likita ya ce game da mai numfashin nan, da yadda kashinsu yake bayan sun fara cin ganye, don yakan ɗan yi ruwa da fari, wannan ba abin tsoro ba ne.

Ni ma ina da roƙo. In an yi girbi, ka ɗaure mini zangarniyar sabon gero, wadda ba ta shiga rumbu ba balle a zuba mata magani, ka ba direban nan in zai sauko da albasa. A nan sussukakke kawai muke samu, nawa kuma sun fi son su hau zangarniya su tsinka da kansu.

Maman yara na gaida Hajiya. Mutanen masallacin layinmu suna tambayarka, Malam Liman ya ce a gaishe ka da kyau. Ka gaida Baba tsoho, Allah ya ƙara masa lafiya.

Wassalam. Naka har kullum,

Sani