Kada a ajiye maganin kitsen jini saboda jiƙo

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili in yi tsokaci kan wata ɗabi'a da ke yaɗuwa tsakanin dattawanmu a Agege da Mile 12, inda mutum zai ajiye ƙwayar rage kitsen jini da likita ya rubuta masa, ya koma ga jiƙon tafarnuwa da citta da zogale. Kawuna ya yi haka: ƙwayoyinsa suna cikin aljihun tsohuwar rigarsa, gorar jiƙo kuwa ba ta barin gefen tabarmarsa, hujjarsa ita ce ba ya jin ciwon komai.

To ai kitsen nan ba ya sallama, a hankali yake taruwa a bangon jijiyoyi har ya toshe wa jini hanyar zuwa zuciya ko ƙwaƙwalwa, kuma gwajin jini ne ke nuna yawansa. Magungunan statin, wato ƙwayoyin rage kitsen jini da likitoci ke rubutawa, suna rage wanda hanta ke samarwa, abin da tafarnuwa ba ta kama ƙafarsu ba. Ban raina zogale ba, ni ma ina cin kwaɗonsa, amma wanda ƙwayar ta sa wa ciwon jiki ya koma wurin likita a sauya masa wata.

Naka,
Mai karatu daga Agege, Legas