Takardar Koke Zuwa ga Mai Martaba Sarki Kan Filin Layin Dogo

Allah ya ja zamanin Sarki, ya ƙara lafiya da nasara.

Bayan gaisuwar ban girma, mu talakawanka mazauna unguwannin da ke kewaye da tsohuwar tashar jirgin ƙasa, tare da fatake, 'yan dako da direbobin manyan motoci, mun kawo kuka gabanka. An fara kafa turaku ana yanka filaye a kan hanyar da layin dogo ya bi, har da filin da ake sauke kaya. Hujjar masu yankawa ita ce jirgi ya daɗe bai zo ba. Gaskiya ne ya daɗe, amma hanyarsa tana nan a buɗe, kuma ita muke roƙo kada a toshe.

Ranka ya daɗe, gari hanya yake bi. Nairobi sansanin ma'aikatan layin dogo ne kawai a 1899, lokacin da ake shimfiɗa layi daga Mombasa zuwa Tafkin Victoria. Yau ita ce babban birnin Kenya. Shikago ta Amurka ba ta kai mutum 5,000 ba a 1840. Da jirgin ƙasa da hanyar ruwa suka haɗu a can daga 1848, hatsi da katako da dabbobi suka riƙa kwararowa, kafin 1890 ta haura mutum miliyan ɗaya. Kano kuwa da daɗewa birnin ciniki ce, amma isowar layin dogo a 1911 ita ta juya akalar fatauci daga hamada zuwa bakin teku, ta kuma buɗe cinikin gyaɗa.

Abin da ya fi damun mu shi ne labarin birnin Los Angeles na Amurka. A 1961 suka rufe layin jirgin lantarki da ke zuwa garin Long Beach da ke kusa da su, suka dogara ga motoci. Cunkoso ya ishe su, sai ga shi a 1990 sun sake buɗe jirgi, galibi a kan tsohuwar hanyar. Sun iya yin hakan ne don hanyar ba ta ɓace ba. Idan aka gina gidaje a kan tamu, ranar da aka so dawo da jirgi sai an yi rusau, an biya diyya, an raba iyalai da muhallinsu, ko kuma a kai tashar bayan gari, ciniki ya bi ta can ya bar mu.

Tun yanzu ma muna ji a jikinmu. Kayan da jirgi ɗaya zai ɗauka, tireloli da dama ke shigowa da su tsakiyar gari. Suna fasa kwalta, suna tare hanyar 'yan makaranta, kuma kuɗin dakon a kan mai saye yake ƙarewa.

Don haka muke roƙon Mai Martaba ya sa baki a dakatar da yankan filayen nan, ya umarci hakimi da masu unguwanni su daina shaidar duk wani ciniki a wurin, sannan ya isar da kukanmu ga hukumomin da abin ya shafa domin a auna iyakar filin a kafa alama. Waɗanda suka riga suka saya cikin rashin sani, a duba yadda za a ba su wani wurin.

A shirye muke mu turo wakilai fada duk ranar da Sarki ya ga dama.

Mu ne masu biyayya,
Al'ummar unguwannin gefen tashar jirgin ƙasa