Mutumina, jajayen sitirikan nan namu sun yi ritaya

Assalamu alaikum mutumina, ya gida ya iyali, ya zafin Kano? Ka gaida Hajiya da yara.

Hoton nan da ka turo min, mu biyu a bakin tasha a titin Spadina sanyi na cin ƙaniyarmu, shi ya sa na ce bari in ba ka labarin Toronto. Ka tuna jajayen sitirikan, jiragen ƙasan nan masu bin tsakiyar titi a cikin gari, da muke hawa zuwa makaranta, masu ƙara ƙiiii in za su sha kwana? To sun tafi. Tun 1979 suke aiki, ranar 29 ga Disamba 2019 aka yi musu sallama a layin Queen, mutane sun fito ana ta ɗaukar hoto kamar rakiyar amarya.

Sababbin Flexity ake ce musu, ƙirar Bombardier, guda 204 aka yi oda tun 2009 a kan kuɗin da ya haura dalar Kanada biliyan ɗaya, na farko ya hau layi a 2014 a Spadinar nan tamu, amma fa an sha jira kafin su cika, jaridu kullum maganar jinkiri suke. A 2021 aka ƙara odar 60 wurin Alstom da suka sayi ɓangaren jiragen ƙasa na Bombardier ɗin.

Ni da farko haushinsu nake ji wallahi, wani dogon abu mita 30 mai gaɓa biyar yana lanƙwasa kamar maciji. Sai da Inna ta zo bara na sauko daga dokin naƙi. Ka san ciwon gwiwarta, a tsoffin can da sai na tallabe ta matakala bayan matakala, mutane na jiranmu a baya. A wannan kuwa daɓen a ƙasa-ƙasa yake, na danna shuɗin maɓalli, direba ya fito ya shimfiɗo mata gangara ta tura ɗan keken dogarawarta ta shige abinta, ta zauna jikin taga tana shan esi tana ce min ashe Turawan nan sun san darajar tsofaffi. Dariya kamar cikina zai yi ciwo.

Kuma ka tuna yadda tsoffin ke ƙin tashi in sanyi ya yi tsanani? Birki da ƙofofinsu da iska suke aiki, laimar cikin bututu ce ke daskarewa.

Abu ɗaya ke damuna, direba yanzu yana can cikin ɗakinsa a rufe, ta kowace ƙofa ka shiga ka taɓa katin biyan kuɗi na Presto shikenan, ba sannu ba yauwa. Tagar ma ba ta buɗuwa balle ka sha iskar tafki da bazara kamar da.

In Allah ya kawo ka sai mu hau Queen tun daga farko har ƙarshe, ni zan biya. Kai dai kar ka zo min hannu rabbana, yaji da kuka nake so.

Naka har kullum.