Zuwa ga ɗiyata Balki, sabuwar ɗalibar jinya a Yamai

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ɗiyata Balki, ina fata kina lafiya, kin kuma huce gajiyar hanya. Kawunki ya kira Babanki ya ce kin sauka lafiya. Mu ma nan Tawa lafiya lau muke, ƙannenki suna gaishe ki.

Kin ce ranar Litinin za a tara ku sababbin ɗalibai a zagaya da ku makaranta, a karanta muku dokoki, a faɗa muku yadda za a raba shekara tsakanin aji da staj, wato koyon aiki a asibiti. Ki je da wuri, ki zauna gaba, da kaye da bik a hannunki. Duk abin da aka faɗa game da farar riga, da yanke farce, da cire zobe da awarwaro kafin a taɓa majinyaci, ki rubuta ki kiyaye. Ba don a takura muku aka kafa su ba, ƙarƙashin farce da zobe ne ƙwayoyin cuta ke laɓewa ko an wanke hannu. Ki kuma san makarantar da kika shiga tana ɗauke da sunan Damure Zika, wanda mutane suka fi sani a fim, alhali aikinsa na asali jinya ne, ya daɗe yana duba marasa lafiya a unguwar Lamorde ta Yamai kafin rasuwarsa a 2009.

Wannan duk malamanku za su faɗa fiye da yadda zan iya. Abin da ya sa na zauna na rubuta, ban bar shi a waya ba, magana ɗaya ce, kuma ina so ta kasance a hannunki ki riƙa komawa gare ta: kada ki taɓa rubuta a takardar majinyaci abin da ba ki auna ba.

Ranar da aka fara tura ku staj, ko babban asibitin Yamai, ko na Lamorde, ko gidan haihuwa na Isaka Gazobi, aikin farko da za a ɗora wa ƴar shekarar farko shi ne awo: zafin jiki, bugun jijiya, tansiyo, numfashi. Ɗalibai suna raina shi, kowa allura yake ɗoki da sa ƙarin ruwa. To ga yadda jarrabawar take zuwa. Kina kwanan aiki, asuba ta gabato, gadaje sun cika har wasu na kwance a tabarma, abin awon tansiyo ɗaya ne a ɗakin gaba ɗaya, idonki ya yi nauyi. Sai wata da ta riga ki shiga ta raɗa miki cewa ki dubi na jiya ki rubuta kusa da shi, zafin jiki 37 da tansiyo 12/8, wa zai sani? Gaskiya ne, galibi ba mai sani. Amma likitan da zai zagayo da safe bai kwana a ɗakin ba. Abin da kika rubuta shi zai karanta, a kansa zai ƙara magani ko ya rage, a kansa zai ce a sallami mutum ya koma ƙauye.

A wani gidan haihuwa da na yi aiki, na karɓi aiki da safe na tarar da wata yarinya mai haihuwar fari, an kawo ta daga wani ƙauyen Adar. Takardarta tsaf, 12/8 daga dare har asuba, hannu ɗaya ya rubuta. Na kama hannunta don in gaishe ta, sai na ji shi sanyi ƙalau, tafin ya yi fari, jijiyar na gudu siririya da ƙyar nake jin ta. Na ɗora hannu a mararta, mahaifa ta yi taushi maimakon ta ɗaure, na danna sai ga gudajin jini. Uwarta na zaune gefe tana dama mata kunu, ta ɗauka gajiyar naƙuda ce. Allah ya yi da sauran kwananta, ƙanen mijinta ya ba da jini. Abin da nake so ki gane shi ne, mai zubar jini jijiyarta ce ke fara sauri, 80, 95, 110, tun kafin tansiyo ya faɗi. Da an kama hannunta da gaske cikin dare, da lambobin sun yi magana tun da sauran lokaci. Har yau idan na tuna takardar nan sai raina ya ɓaci.

Saboda haka idan ba ki samu kin auna ba, ki bar wurin fili, ki je ki gaya wa majo, shugaban masu jinya na ɗakin. Zai yi faɗa, wataƙila a gaban mutane. Ki shanye. Fili a takarda yana sa wani ya je ya duba, lambar ƙarya kuwa kwantar da hankalin kowa take yi.

Awon ma da yadda ake yin sa. Numfashin yaro ba a ƙirga shi yana kuka. Ki bar shi a cinyar uwarsa, ki ce ta ɗaga masa riga, ki zauna ƙasa daidai da shi, kada ki tsaya masa a ka da farar riga ya tsorata. Ki zuba ido a cikinsa yana hawa yana sauka, agogo a ɗaya hannun, minti ɗaya cur, ba rabi ki ninka ba, don numfashin jariri ba ya tafiya daidai. Daga wata 2 zuwa shekara 1, idan ya kai 50 ya yi sauri. Daga shekara 1 zuwa 5, 40 ne. Ki duba kuma ko ƙasan haƙarƙarinsa na lotsawa ciki idan ya ja iska. Da wannan kaɗai, a ƙauyen da ba hoto ba ɗakin gwaji, na sha gane ciwon huhu na tura yaro gaba. Haka zaren awon damtse, idan ya nuna ja, ƙasa da milimita 115, tamowa ce mai tsanani, kada ki ja zaren ya matse kuma kada ki sake shi don ki faranta wa uwa.

Ki sayi agogo mai sandar daƙiƙa, kada ki dogara da waya.

Yara za ki fi gani. Tun 2006 hukuma ta ce a duba ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta, kuma daga Agusta zuwa Oktoba, lokacin da zazzaɓin cizon sauro ke kan ganiyarsa, ɗakin yara ba masaka tsinke. Maganinsu da nauyi ake lissafa shi. Allurar artesunate, ta zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, miligiram 2,4 ce a kowane kilo, yaron da bai kai kilo 20 ba kuwa miligiram 3. Kin ga ke nan wadda ta kalli yaro ta ƙiyasta nauyinsa da ido ta riga ta ɓata lissafi tun daga tushe. Ki ɗora shi a sikeli. Ki yi lissafin a takarda, ki nuna wa na gaba da ke kafin ki zuƙa. Waƙafi ɗaya ya gusa, 0,5 ta zama 5, kin ninka magani sau goma a jikin ɗan mutane.

Na san halinki, kina da kunya kamar Babanki, ba ki so a ga kin kasa. A wannan aiki ki ajiye irin wannan kunyar a bakin ƙofa. Idan rubutun likita bai karantu ba, ki koma ki tambaye shi. Idan aka ce ki yi abin da ba a taɓa nuna miki ba, ki ce ba a nuna mini ba tukuna. Matambayi ba ya ɓata. Ɗalibar da ke ba ni tsoro a duk shekarun da na yi ina karɓar ƴan staj ita ce mai cewa to ga kome.

Ki kula da jikinki. Kafin ki fara taɓa allura ki nemi rigakafin ciwon hanta nau'in B, sau 3 ake yi, ki cika su, kuɗin na wuyana. Allurar da aka yi amfani da ita ba a mayar mata da murfi, kai tsaye sai kwalin zuba allurai. In ƙaddara ta sa ta soke ki, ki wanke da ruwa da sabulu, ki faɗa nan take, domin maganin kariya daga sida ba ya jiran gobe, bayan awa 72 an makara. Lokacin zafi kuma sanƙarau na yawo, kin tuna yadda ya yi ɓarna a Yamai a 2015, ki bi duk abin da aka ce ku sa ko ku sha.

Yamai ba Tawa ba ce, da yawa daga waɗanda za ki duba Zabarmanci suke ji. Ki koya daga abokan ajinki, ko gaisuwa da tambayar inda ke ciwo, don tsohuwar da ta ji harshenta a bakinki za ta faɗa miki abin da ta ɓoye wa likita. Ki gaishe ta kafin ki taɓa ta, ki rufe mata jiki da zanenta, ki kira ta inna ko iya, ba da lambar gado ba. Abin da idonki ya gani a ɗakin majinyata kuma nan zai tsaya. Ƴan Tawa da Konni da Madawa suna cike da asibitocin Yamai, wata rana za ki ga wanda kika sani. Ko ni kada ki gaya wa. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Hoton majinyaci a WhatsApp kuwa, ban yafe ba.

Wani zai miƙo miki jika ɗaya ya ce na goro ne, don ki duba nasa kafin na wasu. Ki yi godiya ki mayar. Mutumin nan ƙila akuyarsa ya sayar ya biya kuɗin mota. Idan kuɗi ya yanke miki, mu za ki gaya wa.

Kwanan aiki zai riƙa haɗa miki salloli da barci, ki tambayi Kawunki hukuncin, ya fi ni sani. A gidansa ki riƙa taya Gwaggonki aiki ranar da ba ki da aji, kada a ce ƴar makaranta ta fi ƙarfin tsintsiya. Na ba direban da ya saba kai mana saƙo ƙullin kuka da daddawa da ɗan kilishi, da jika 10 na agogo da takalmi mara tsini, don tsayuwar za ta yi yawa. Ki karɓa ranar Asabar a tasha. Idan an gama taron Litinin ki kira ni bayan magariba, ina so in ji asibitin da aka fara tura ki.

Allah ya yi miki albarka, ya sa hannunki ya zama sanadin waraka.

Innarki,
daga Tawa