Amsa ga Alhaji Sakatare: Ban Sayar da Yaran Garinmu Ba

Assalamu alaikum, Alhaji.

Bayan gaisuwa da girmamawa irin wadda ƙane ke yi wa abokin yayansa, na so a bar kaza cikin gashinta. Sai dai kai ne ka fige ta a bainar jama'a, don haka kada ka ga laifina idan gashin ya tashi ya shiga idon wani.

Ranar Asabar da ta wuce, a taron ƙungiyar ci gaban gari, bayan an gama maganar kwalbati da ta takin zamani, ka karɓi lasifika ka kira sunana. Ina can baya kusa da mai rake. Ga abin da ka ce, kuma akwai shaidu sun fi ɗari: "Malam, faɗa wa jama'a, me ya hana ka sa yaranmu su saki wasa ɗaya tak da zai kai su ga kofi? Manyan 'yan badmintin na duniya ma suna wannan dabarar. Kai malamin wasa ne ko limami? Ko dai an damƙa maka wani abu ne a can, tunda can surukanka suke?" Aka kwashe da dariya. Na ɗaga hannu, sai aka ce lokacin la'asar ya yi. Lasifikar da ta isa tambaya ba ta isa amsa ba, shi ya sa na koma ga alƙalami.

Don waɗanda ba su je gasar badmintin ɗin ba: yaranmu biyu, Bahago da abokinsa, sun riga sun tsallake rukuninsu tun kafin wasan ƙarshe na rukunin. Yadda aka tsara jadawalin, in sun ci wannan wasan za su faɗa hannun 'yan cikin gari, waɗanda kowa ke tsoro, a wasan kusa da na ƙarshe. In kuwa sun faɗi, hanya ta buɗe musu sumul har wasan ƙarshe, ko ba komai kofin na biyu ya tabbata. Ka zo ka dafa kafaɗata, ka yi mini raɗa cewa in sa su faɗi. Na ce a'a. Yara suka shiga suka ci, suka haɗu da 'yan cikin gari, aka fitar da su a turmi na uku. Muka dawo ƙasar Ringim hannu rabbana. Wannan shi ne laifina gaba ɗayansa.

To, tunda ka kafa hujja da manyan duniya, mu je can ɗin. Ban san wanda ya ba ka labarin ba, amma rabinsa ya ba ka, ya ɓoye rabin da ke da ɗaci.

Ranar 31 ga Yuli, 2012, a gasar Olamfik ta Landan, an yi ainihin abin da ka raɗa mini. Wang Xiaoli da Yu Yang 'yan ƙasar Sin, zakarun duniya a wasan mata na bibbiyu a lokacin, sun lura cewa 'yan'uwansu Tian Qing da Zhao Yunlei sun yi tuntuɓe a hannun 'yan Danmak, sun ƙare na biyu a rukuninsu. In Wang da Yu suka ci nasu rukunin, za su haɗu da 'yan ƙasarsu kafin wasan ƙarshe. Sai suka shiga fili da niyyar faɗuwa. 'Yan Koriya ta Kudu da ke karawa da su suka gane, su ma suka ce ba za su ci ba. Ka taɓa ganin 'yan kokawa biyu kowa na neman ya riga ɗan'uwansa kai bayansa ƙasa? Haka aka yi. Matan da ke iya jefa ƙwallon gashi ta sauka a kan layi daidai inda suka nufa, sai ga su suna buga sabis cikin raga kamar yaran da suka fara riƙe raket jiya. Jama'ar da suka biya kuɗinsu a ɗakin wasa na Wembley suka dinga ihu suna yi musu ature da baki. Ba a jima ba wasu 'yan Koriyar da 'yan Indunusiya suka shigo suka maimaita, don su ma ba sa son haɗuwa da Wang da Yu. Har sai da babban alƙalin gasar ya zaro baƙin kati, katin kora, kafin ya mayar da shi aljihu aka ƙarasa.

Washegari hukumar badmintin ta duniya, BWF, ta kori su takwas ɗin daga gasar. Koriya ta ɗaukaka ƙara, aka yi watsi da ita. Indunusiya ta janye tata. Sin ko gardama ba ta yi ba, babban kocinsu Li Yongbo ya fito ya ba da haƙuri. Ga kuma abin da ya fi ba ni dariya: Tian da Zhao, waɗanda saboda su aka yi duk wannan lissafin, su ne suka je suka ci zinariyar. Masu dabara kuwa suka kalli bikin daga gefe. Wannan ita ce makarantar da kake so in sa 'ya'yan mutane, Alhaji?

Ba zan yi maka ƙwauron gaskiya ba, akwai inda ka taɓo ta. Jadawalin da zai sa faɗuwa ta fi cin nasara riba, shi ma mai laifi ne. A Landan ne aka fara shigo da tsarin rukuni cikin badmintin na Olamfik, kuma ita kanta hukumar ta ga ɓarakar, shi ya sa kafin gasar Riyo ta 2016 ta ce waɗanda suka zo na biyu a rukuni sai an sake jefa musu ƙuri'a, don kada kowa ya san da wa zai haɗu balle ya zaɓa. Da wannan ka miƙe ka faɗa, cewa masu shirya gasarmu su koyi jefa ƙuri'a bayan rukuni, wallahi ni zan fara tafa maka. Kuma na yarda manyan 'yan wasa ba mala'iku ba ne. Suna jan lokaci da goge gumi, suna neman a canja ƙwallo don su katse wa abokin karawa hanzari, suna ihu a fuskar juna. A Kanada a 2013, wasu 'yan Tailan biyu da a da tare suke wasa, Bodin Isara da Maneepong Jongjit, sun ba hammata iska a tsakiyar wasan ƙarshe; aka dakatar da na farko shekara biyu, na biyu wata uku. Duk ana yi. Abin da ban taɓa ji ba shi ne an kira wanda ya yi an rataya masa lambar yabo a kai.

Maganar ko ni limami ne, na gode da ƙarin girma. Maganar da ka ƙara da ita cewa ban taɓa buga wasa a waje ba, gaskiya ne, iyakata Kano. Rasit ɗin raket huɗun da ka yi shaguɓe a kansu kuma suna wurin ma'aji, in ka samu sarari ka leƙa.

Yanzu ga wadda ta hana ni barci. "An damƙa maka wani abu." Ka san nauyin kalmar nan kuwa? A wasan da kake tinƙaho da saninsa, babu zunubin da ya kai sayar da wasa. A 2018 aka kama wasu 'yan Malesiya biyu da laifin shirya sakamako saboda masu caca: Zulfadli Zulkiffli, wanda ya taɓa zama zakaran matasa na duniya, aka hana shi wasa shekara 20 da tarar dala 25,000, Tan Chun Seang shekara 15 da tarar dala 15,000. Shekara ashirin ga ɗan wasa ai kabari ne aka haƙa masa da ransa. Irin wannan tuhumar ka jefe ni da ita, tsakanin maganar taki da kiran salla, kana murmushi.

Kuma ka duba yadda zancen naka ya tuntsure. Wanda aka saya, ce masa ake ya faɗi. A duk filin nan ranar, mutum ɗaya ne ya nemi yaranmu su faɗi da gangan, kuma ba ni ba ne. Ni da na ce su buga iya ƙarfinsu ni ne mai sayarwa, wanda ya yi raɗar kuma shi ne mai kishin gari. Lallai biri ya yi kama da mutum, amma a duba da kyau a ga wane ne birin.

Surukaina kuwa, Allah ya ƙara musu lafiya, manoman riɗi ne. Surukina da ya ga raket a bayan babur ɗina ya ɗauka abin kashe sauro ne.

Akwai abin da ba ka gani ba, don lokacin ka fita amsa waya. Turmi na uku, maki 19 da 19. A dokar da ake bi tun 2006, wanda ya riga kai 21 ya ci turmin, sai dai in an yi kunnen doki a 20, ka ga saura taku biyu kenan. Ɗan cikin gari ya sako ƙwallo da ƙarfi, ta wuce ta faɗi bayan layi. Mai kula da layi ya buɗe hannuwa, waje ce. Alƙali ya ba mu maki. 'Yan garinmu suka tashi da sowa. Sai na ga Bahago ya tsaya cak, ya kalle ni, sannan ya taka wurin alƙali yana nuna hannun rigarsa. Ƙwallon ta shafe shi kafin ta fita. Babu wanda ya gani, ni da nake kusa ma ban gani ba. A manyan gasanni akwai na'urar da ke sake duba inda ƙwallo ta sauka in ɗan wasa ya ƙalubalanci hukunci. Mu nan na'urarmu ita ce cikin yaron. Aka mayar da makin can. Wanda ya biyo baya abokinsa ya buga cikin raga, shi kenan. A mota Bahago ya yi ta kuka har muka wuce kasuwa, abokin ya ƙi yi masa magana kwana biyu. Ni ma, kada in yi maka ƙarya, a daren na ce a raina da ya yi shiru wa zai sani. Amma yaron da aka umarta da safe ya zubar da wasa da gangan, da wane baki za a ce masa da yamma ya faɗi abin da ya taɓa rigarsa?

Ka ce manyan duniya. Ga wata babbar. A Olamfik ta Faris a 2024, Carolina Marín 'yar Sifaniya, mai zinariyar Riyo, ta ci turmin farko a kan He Bingjiao ta Sin, tana kan gaba a na biyu, sai gwiwarta ta tafi. Ta fita tana kuka. He Bingjiao ta wuce wasan ƙarshe, An Se-young ta Koriya ta doke ta, ta samu azurfa. Da ta hau dandamalin karɓar lamba, sai ga ta riƙe da ɗan ƙaramin bajo mai tutar Sifaniya, don a tuna da wadda ciwo ya fitar. Mu ma ai ba baƙon abu ba ne wurinmu. Je ka filin dambe bayan kaka: da zarar hannu ko gwiwar mutum ta taɓa ƙasa an yi kisa, ba a ƙara masa naushi, wanda ya kashe shi ma kan miƙa hannu ya tashe shi. Ɗan damben da ya kwanta da gangan don gudun wani shago, wane makaɗi ne zai sake kiran sunansa?

Na san abin da ya yi maka ciwo, kuma ba yaran ba ne. Mai hoto ka ɗauko tun daga gida, da sabuwar shadda, ga zaɓen kansila na ƙaratowa. Kofi a hannu yana kyau a fasta. Ban hana ka nema ba, Allah ya ba mai rabo. Sai dai shekara shida kenan muna wasan nan a fegin bayan makaranta, ban taɓa ganin sawun motarka a wurin ba. Da toka muke ja layi, in an yi ruwa mu sake. Ragarmu tsohuwar komar masunta ce da muka ɗaure a turaku biyu, na auna mita 1.55 da tef ɗin tela. Ƙwallon gaske gashi 16 gare ta, na dinya ko na agwagwa, kuma ba ta jure duka. Mu ta roba muke bugawa har sai ta zama kamar tsumma, wani lokaci yara su ɗinke ta da zare. Da hunturu dole mu fito bayan sallar asuba kafin iska ta tashi, in ba haka ba ƙwallon sai gonar maƙwabci. A haka aka samu yaran da suka kai 'yan cikin gari, masu ɗakin wasa da siminti, har 19 da 19.

Ba kai kaɗai ba ne, don kada ka ce na ware ka. Haka muke a ƙasar nan, kowa na son girbi, ba mai son huɗa. Mariam Eniola Bolaji ta ci tagulla a gasar nakasassu ta Faris, 'yar Afirka ta farko da ta samu lambar badmintin a wannan mataki, Anuoluwapo Opeyori ya je Olamfik sau biyu, sai ranar ne ake tunawa da akwai wasan. A ƙananan gasanninmu kuwa, a kawo maka "ɗan ƙasa da shekara 15" da sawun reza a haɓarsa, manya na gefe suna ƙyafta ido. Bara ma an kawo mini shawarar in ari wasu ƙarti biyu daga wani gari in sa musu rigarmu. Ba zan faɗi wanda ya kawo ta ba, shi ya san kansa, kuma yana karanta wannan wasiƙar.

Abu biyu nake nema. Kalmar "an damƙa maka" ka janye ta a inda ka faɗe ta, da lasifikar da ka faɗe ta, taro mai zuwa. Na biyu, ranar Asabar muna fili da an sallame asuba. Kwalin ƙwallo guda 12 ke ciki, ana samu a Kano. In ka taho da shi Bahago zai ara maka raket ɗinsa, sai dai ka riƙe da kyau, mariƙin ya tsage, da robar tayar keke muka ɗaure shi.

Naka,
Malamin wasanni.